Filin Kiɗa da Sauti: Tambayoyinku Kan Kundin Farko na Sababbin Makaɗan Rok

Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi. Masu karatu ne da suka ci karo da kundin farko na wata sabuwar ƙungiyar rok, kowa da tasa ƙungiyar, ya shiga ransu, suna neman sanin abin da ke cikinsa. Mun zaɓi shida, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo. Masu haɗa sauti da makaɗan jita da ke taimaka wa wannan fili su ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata sabuwar ƙungiya ta mutum huɗu ta fitar da kundinta na farko, waƙa 10, kuma tun da na same shi na kasa sauraron komai sai shi. Akwai wani zafi a cikinsa da ba na ji a kundin manyan ƙungiyoyin da suka daɗe suna yi. Abokina ya ce rashin kuɗin situdiyo ne kawai nake ɗauka gwaninta. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowannenku ya kama wani gefe, amma naka ya fi faɗi.

Fara duba waƙoƙin kansu. Kafin ƙungiya ta kai ga kundin farko, yawanci ta yi shekaru tana kaɗa waɗannan waƙoƙi a ƙananan wurare, gaban mutanen da ba su san ta ba, waɗanda ba sa jin nauyin juya mata baya. Waƙar da ke sa jama'a fita shan iska an daɗe da yar da ita. Baitin da ya cika tsawo an datse shi. Mai ganga ya san daidai inda mai jita zai dakata ba sai ya kalle shi ba. Abin da ya isa situdiyo tatacce ne. Kundi na biyu kuwa sau da yawa cikin 'yan watanni ake rubuta shi, tsakanin wannan wasa da wancan, kuma ba wanda ya ji waƙoƙin kafin a naɗe su. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe a na biyun.

Sai yadda ake naɗin. Waɗanda ba su da halin kama situdiyo na wata guda sukan shiga ɗaki ɗaya gaba ɗaya, a kafa makirufo, mai ganga ya ƙirga huɗu, a tafi tare. Wannan tsohuwar hanya ce. Waƙa 10 daga cikin 14 na kundin farko na The Beatles a rana ɗaya aka naɗe su, 11 ga Fabrairu 1963, a situdiyon EMI da ke Abbey Road a Landan. Black Sabbath ma a yini guda suka naɗi nasu cikin Oktoban 1969, ya fito a Fabrairun 1970. In aka yi haka, abu biyu ke faruwa. Na ɗaya, sauti yana yoyo: ƙarar jita tana kutsawa cikin makirufon ganga, ta ganga tana kutsawa cikin na mawaƙi. Wannan yoyon shi ke sa ka ji kamar kana tsaye cikin ɗakin tare da su, shi ne kuma ke hana gyara, domin in aka goge kuskuren mai jita a layinsa, inuwar kuskuren tana nan a layin ganga. Dole a bar shi ko a sake waƙar duka. Na biyu, sau da yawa ba a sa wa mai ganga kilik a kunne, wato ƙaramar ƙarar nan da ke riƙe masa gudun waƙa. Ba kilik, sai gudun ya riƙa numfashi: ya ɗan lafa a baiti, ya ɗan zabura a amshi.

Za ka iya gwada wannan da kanka. Akwai manhajojin da ake danna wa yatsa su faɗi bugu nawa ne a minti. Auna baitin farko, ka auna amshin ƙarshe. In ka samu, misali, 148 a farko da 153 a ƙarshe, ba kilik aka yi ba, kuma wannan ƙarin bugu 5 ɗin yana cikin abin da kake kira zafi. In lambar ba ta motsa ba ko kaɗan, to a kan kilik aka yi, zafin daga wani wuri yake zuwa.

Inda abokinka ke da gaskiya shi ne akwai lahanin da ƙarancin kuɗi ke haifarwa, kuma bai kamata so ya rufe maka kunne ba. In farantan tagullar ganga suna wani "shhh" marar yankewa da ke lulluɓe murya, ƙaramin ɗaki ne mai busasshen bango yake mayar da sauti. In ƙaramar gangar tsakiya, wadda ke faɗowa a bugu na 2 da na 4, tana fita siririya ba nauyi, makirufo ne biyu suke cin juna. In jita tana daɗi a ƙasan wuya amma tana tsami in aka hau sama, ba a daidaita ta ba. Waɗannan aibi ne, ko wace ƙungiya ce ta yi su. Kundin da ya tsira daga ukun nan kuma ya riƙe numfashin mutanen da suka kaɗa tare, ka ci gaba da sonsa, ba ka yi kuskure ba.

TAMBAYA: Malamai, in na sa abin kunne kundin yana cika mini kai, amma a lasifikar waya sai ya koma fayau, jita ma kamar ta ja baya. Kuma in na jera shi da wasu waƙoƙi sai ƙararsa ta yi ƙasa da tasu. An cuce ni da gurɓataccen kwafi ne?

AMSA: Ba a cuce ki ba, 'yar'uwa. Abu uku ne daban-daban kika haɗa.

Kauri na farko. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana kaɗawa sau 41 a sakan, ta jitar lantarki kuma sau 82. Gangar ƙafa kaurin sautinta yana tsakanin kaɗawa 50 da 100 a sakan. Lasifikar waya ba ta kai girman farce biyu ba, ba ta iya tura iskar da za ta fitar da wannan, sai daga wajen 200 zuwa 300 take fara magana da kyau. Don haka rabin ƙasan kiɗan bai ma fito ba. Masu haɗa sauti da suka san aikinsu sukan ɗan ƙara wa bes kaushi, saboda kaushin yana haifar da 'ya'yan sauti a sama, 82, 123, 164, 205 da sauransu, kunne kuma in ya ji 'ya'yan sai ya cike uwar da kansa. Kundin da ba a yi wa wannan dabara ba, bes ɗinsa ɓacewa yake a waya.

Ja da bayan jita kuma daga faɗi ne. A rok an saba naɗar jita sau biyu, a ajiye ɗaya can hagu ɗaya can dama, a bar murya da bes da gangar ƙafa a tsakiya. Waya mai lasifika ɗaya tana tattara hagu da dama wuri guda, abin da ke gefe ya ragu a kan abin da ke tsakiya. In ma da na'ura aka faɗaɗa jitar maimakon a kaɗa ta sau biyu, ɓangarorin biyu sukan soke juna in an haɗe su, ta ƙara yin nisa.

Batun ƙara shi ne wanda ya kamata ki yi murna da shi. Ana auna ƙarfin ƙarar waƙa da ma'aunin LUFS, kuma lambar da ta fi kusa da sifili ta fi ƙara. Kundin da aka matse sosai a matakin ƙarshe yakan kai -8 ko sama da haka. Hanyar kai shi can ita ce a aske kan kowane bugun ganga, har baiti da amshi su zama tsayi ɗaya. Wanda aka bari a wajen -12 zuwa -14 ya fi shiru, amma gangarsa tana duka, amshinsa yana tashi. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa -14, YouTube ma kusan haka, saboda haka a can wanda aka matse zuwa -8 rage shi ake yi da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ya tashi a tutar babu: ya rasa dukan ganga, bai kuma riƙe ƙarar ba. Ki shiga saitin manhajarki ki kunna daidaita ƙara. In daga fayil ɗin da kika sauke kike ji, ki ƙara murya kawai.

TAMBAYA: Ina koyon jitar lantarki kusan shekara guda. Na so in bi waƙoƙin kundin da kunne, amma duk inda na danna ba ya dacewa, kamar ina tsakanin gaɓa biyu. Kuma ko na ƙure kaushin amfilifaya ba na samun nauyin da suke samu.

AMSA: Ɗan'uwa, kafin ka zargi yatsunka, zargi ɗaurin tsirkiya. Ɗaurin da aka saba shi ne E A D G B E, daga mai kauri zuwa siririya. Ƙungiyoyin rok da yawa ba a nan suke zama ba. Wasu suna sassauta duka shidan da rabin mataki, don sauƙaƙa wa mawaƙi da ƙara nauyi. Wasu tsirkiya ta 6, wato mafi kauri, kaɗai suke saukewa cikakken mataki, daga E zuwa D, daga kaɗawa 82 zuwa 73. Ga yadda za ka gane: nemi sauti mafi kauri da jita ta fitar a waƙar, ka kwatanta da tsirkiyarka ta 6 a sake. In nasu ya fi naka kauri, sun sauke. Sauke rabin mataki ka sake gwadawa, in bai kai ba ka tafi D. In kuma ko yaya ka yi kana tsakanin gaɓa biyu, to ko dai sun ɗaure da kunne ba tare da na'ura ba, ko an ɗan sauya gudun naɗin. Sai ka ɗauki dogon sauti ɗaya daga waƙar ka ɗaure jitarka a kansa, ka manta da ma'aunin 440 da na'urar ɗauri ke bi na wannan lokacin.

In ka sauke ɗauri, tsirkiya tana saki. Mai lambar kauri 9 zuwa 42, daga siririya zuwa mai kauri, za ta riƙa lilo, in ka buga da ƙarfi sautin ya haura sannan ya dawo. Koma 10 zuwa 46, ko 10 zuwa 52 in kana zama a D. Bayan canjin ka duba gaɓa ta 12: sautin da ta bayar dole ya zama daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai a sama. In ya haura, ja ɗan sirdin da tsirkiyar ke kwance a kai baya, wato ka ƙara mata tsawo. In ya gaza, matso da shi gaba. Rubu'in juyi kake yi wa sukurun sirdin, kana sake ɗauri kowane karo.

Yawancin abin da kake ji a irin wannan kundi kod ne, wato sautukan da ake kaɗawa tare, mai sauti biyu, tushe da na biyar ɗinsa. Manuniya a tsirkiya ta 6 gaɓa ta 3, yatsan zobe a ta 5 gaɓa ta 5, in ka so ƙaramin yatsa a ta 4 gaɓa ta 5. Dalilin da ya sa ba a cika kaɗa cikakken kod da kaushi ba shi ne kaushi yana cakuɗa sautukan ya haifi wasu sababbi. Tushe da na biyar suna haifar waɗanda suka dace da su, amma da zarar na uku ya shigo sai abin ya dagule. A ɗaurin D kuwa yatsa ɗaya ka kwantar kan tsirkiyoyi uku masu kauri ka samu kod ɗin, shi ya sa suke iya gudu da shi. Sauran tsirkiyoyin da ba ka so, cikin manuniya ne ke taɓa su a hankali ya kashe su. Wanda bai koyi wannan kashewar ba, ko yatsunsa sun dace, kiɗansa zai yi ta ƙazanta.

Wancan "jug-jug" ɗin da ke tafiya ƙarƙashin baiti kuma gefen tafin hannun dama ne, a ɗora shi daidai inda tsirkiya ta bar sirdi. Matsa gaba da santimita 2 kawai sai sautin ya mutu murus. Yawanci ƙasa-ƙasa ake bugawa, ba ƙasa da sama ba, kuma daga wuyan hannu, ba daga gwiwar hannu ba.

Nauyin da kake nema kuwa ba a maɓallin kaushi yake ba. Ƙure shi yana cinye bakin bugu ne, ya bar ka da zuzuniya kamar ta ƙudan zuma. Abin da kake ji a kundin jita biyu ne da bes a ƙarƙashinsu suna faɗowa lokaci ɗaya da gangar ƙafa. Mayar da kaushin wajen 4 ko 5 cikin 10, kada ka kwashe maɓallin tsakiya, domin a nan muryar jita take. Ka rage gudun waƙar zuwa 0.75 a YouTube, ba ya sauya amo, ka bi sandar kiɗa, wato rukunin bugun da ake ƙirgawa, huɗu-huɗu har su zauna.

TAMBAYA: Na ƙungiyar da nake saurare waƙa 6 ne kawai, minti 24. Wasu na cewa wannan ba kundi ba ne. Kuma me ya sa kullum ranar Juma'a ake sakin sababbi?

AMSA: A lissafin manyan shagunan intanet, waƙa 4 zuwa 6 da ba su kai minti 30 ba EP ake kira, wato ƙaramin kundi. Daga waƙa 7, ko abin da ya haura minti 30, shi ne cikakken kundi. Don haka kundinsu na farko yana gaba, Malam. Juma'a kuwa yarjejeniya ce ta masana'antar kiɗa ta duniya tun Yulin 2015. Kafin nan kowace ƙasa da ranarta, Amurka Talata, Ingila Litinin, waƙa ta fito a wata ƙasa a sace ta kafin ta isa wata.

TAMBAYA: Mu huɗu ne, ganga, bes, jita da mawaƙi. Jin wannan kundi ya sa muka ƙudura naɗar namu. Muna da waƙa 12 da na'urar shigar da sauti mai kafa 8. Ta ina za mu fara, kuma me ya fi lalata irin wannan aiki?

AMSA: Madalla da ku. Abin da ya fi lalata shi yana faruwa ne kafin a kunna na'ura: shiga naɗi da waƙar da ba ta nuna ba. Ku ajiye waya a tsakar ɗakin gwaji ku naɗi duka 12, ku saurara washegari ba kayan kiɗa a hannu. Ku zaɓi 9 ko 10. Kowace ku rubuta gudunta da tsarinta, sanda nawa gabatarwa, nawa baiti, nawa amshi, yadda za ta ƙare. Gardamar da ba a gama a ɗakin gwaji ba, a situdiyo za a yi ta, agogo yana tafiya.

Kayan aiki: sababbin tsirkiyoyi kwana ɗaya ko biyu kafin naɗi, a ja su da hannu har su daina saki. Sabuwar fata a kan ƙaramar gangar tsakiya ko da ba a canja sauran ba. A ɗiga mai a fedar gangar ƙafa, domin kukan da ba ku ji a gwaji makirufo zai ji shi. A duba ɗaurin jita da bes kafin kowane ɗauka, da na'ura ɗaya, ba kowa da tasa ba.

Rabon kafa 8: ɗaya gangar ƙafa, ɗaya ƙaramar gangar tsakiya, biyu a sama da kan mai ganga, ɗaya bes kai tsaye ta waya, ɗaya amfilifayar jita, ɗaya muryar jagora wadda za a sake daga baya, ta ƙarshe a can nesa ta ɗauki ɗakin. Kada ku raina ta ƙarshen nan, sau da yawa ita ce ke ba ganga girma.

Biyun na sama su ne inda aka fi faɗuwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, wato duk santimita 34 jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne. In ɗaya ya fi ɗaya nisa daga gangar tsakiya, bugun zai isa gare su a lokuta biyu, in an haɗa su sai wani ɓangaren sautin ya soke kansa. Ku ɗauki igiya, ku dafe bakinta a tsakiyar fatar, ku auna zuwa makirufo na farko, kamar mita 1 zuwa 1.2, ku tabbatar na biyu ma haka. Sannan ku kunna gangar ƙafa tare da na saman, ku danna maɓallin juya fuskar sauti, ku bar shi a inda kauri ya fi fitowa. Haka za ku yi wa gangar tsakiya. Minti 5 ne aikin, kuma babu abin da zai gyara shi daga baya kamar yadda zai gyaru a nan.

Ga jita, makirufo irin Shure SM57, wanda ake amfani da shi tun 1965, ya wadatar. A sa shi santimita 2 zuwa 5 daga ragar amfilifaya, yana kallon inda ƙoƙon tsakiyar lasifika ya haɗu da faifanta. Matsawa tsakiya yana ƙara kaifi, matsawa gefe yana ƙara duhu. Ku motsa makirufo kafin ku taɓa maɓalli. In kuna jin gurnanin lantarki, mai jita ya juya jikinsa a hankali har ya sami kusurwar da ya lafa, a kashe fitilun da ke da maɓallin rage haske, a kuma jona amfilifaya da na'urar naɗi a soket ɗaya. Kada wanda ya cire ƙafar ƙasa ta fulogi don kashe gurnani. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, in ta samu matsala mai kaɗawa ne zai zama hanyar wuta.

Ku sa saitin ingancin naɗi a bit 24, 48 kHz. Bugu mafi ƙarfi kada ya wuce -10 zuwa -6 a ma'auni, kuma ku tuna mai ganga yakan ƙara ƙarfi da zarar an ce an fara na gaske. Sautin da ya taɓa sifili ya fashe, ba ya ɗinkuwa. Kowace waƙa ɗauka 3 zuwa 5, in ba ta zo ba ku wuce wata ku dawo. Bayan haka mai jita ya sake kaɗa layinsa a karo na biyu don ɗaya gefen. Kwafe na farko a manna ba ya aiki, ƙara kawai yake yi a tsakiya, domin ƙananan bambance-bambancen hannu su ne faɗin. Murya a bar ta ƙarshe, waƙa 2 ko 3 a rana, masu ihu a ajiye su ƙarshen zama.

Wajen haɗawa, a yanke wa jita abin da ke ƙasa da kaɗawa 80 zuwa 100 a sakan a bar wa bes wurin. In kiɗan ya yi laka, a duba tsakanin 200 da 400. In yana yankar kunne, a duba 2,000 zuwa 5,000, inda kunnen ɗan Adam ya fi ji, inda kuma jita da murya da farantai ke rububi. A riƙa mayar da komai lasifika ɗaya lokaci-lokaci a ji abin da ya ɓace. Tacewar ƙarshe kuma a kai wa wani wanda bai ji waƙoƙin sau ɗari ba, a ce masa ya bar ƙololuwar ƙara a desibel -1.

Abu ɗaya da ba na sauti ba, kuma ya raba ƙungiyoyi fiye da mummunan naɗi: kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta, na rubutu da kari, da na naɗin kansa. Ku rubuta kason kowa a takarda, kowa ya sa hannu, tun ba a samu ko kwabo ba. Kamfanin rarrabawa zai ba kowace waƙa lambar ISRC mai harafi da lamba 12, ku adana su, da su ake bin kuɗinku. Ku miƙa kundin makonni 4 kafin ranar fita, saboda Spotify yana son a gabatar masa da waƙa aƙalla kwana 7 kafin. Ku kuma sani sai an saurari sakan 30 ake ƙirga ji ɗaya, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai ji 1,000 cikin wata 12 ba ba ta samun kuɗin naɗi a can.

TAMBAYA: Ƙungiyar da nake so sun fitar da kundinsu a faifan garmaho na zamani, ina son saya, kuma zan je wasansu na farko a babban zaure. Faifan ya fi daɗi da gaske? Me zan kiyaye a wurin wasan? Na taɓa fita wani wasa kunnena yana ƙara har safiya.

AMSA: Hajiya, faifan daban yake, fifikon kuma ya danganta da yadda aka yanka shi. Mai inci 12 yana juyi 33 da sulusi a minti, kowane gefe yana ɗaukar kimanin minti 22. In aka cusa fiye da haka dole a rage ƙara da kauri. A bakin faifai allura tana cin kusan santimita 50 a sakan, a kusa da tsakiya kusan 20, don haka waƙar ƙarshen kowane gefe ta fi saurin yin kaushi a farantai da harafin "s". Shi ya sa tun da can ake ajiye waƙa mai sanyi a nan. Inda faifai yakan yi nasara shi ne in an yi masa tacewarsa daban ba a matse shi ba. In fayil ɗin da aka matse aka ɗora masa, kin sayi babban hoto ne da jin daɗin riƙewa, wanda shi ma ba laifi ba ne. Ki tabbatar na'urarki tana da ƙaramar amfilifayar allura, in babu sautin zai fito siriri can ƙasa. Nauyin allura ki bi abin da maƙerinta ya rubuta, yawanci gram 1.5 zuwa 2.5. Rage shi ƙasa da haka ba tausayin faifai ba ne, tsalle allurar za ta riƙa yi tana cin ramin. A jingine shi tsaye, nesa da rana da zafi.

Ƙarar da kika kwana da ita kuwa gargaɗi ce. Ƙananan gasun da ke cikin kunne masu karɓar sauti in suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta shawarci wuraren wasa kada matsakaicin ƙararsu ya wuce 100, wasannin rok kuwa a nan suke yawo, wasu su haura. Wasan minti 90 ba kariya ya ninka abin da kunne zai ɗauka sau da yawa.

Ki nemi abin toshe kunne na makaɗa, mai 'yar matata a ciki, wanda ke rage desibel 15 zuwa 20 ba tare da ya dusashe kiɗan ba. In na soso kika samu, ki murza shi ya zama siriri, ki ja saman kunnen sama da baya da ɗaya hannun, ki tura, ki riƙe sakan 20 zuwa 30 har ya kumbura. Wanda rabinsa ke leƙe a waje bai yi aikin komai ba. Auduga da takardar goge hannu ba sa tare abin kirki. Kada ki tsaya gaban tarin lasifika. Wuri mafi daɗin ji shi ne kusa da teburin mai haɗa sauti, domin daga nan yake daidaita komai. Tsakanin ƙungiyar buɗe fage da manyan baƙi ki fita minti 10 inda ba hayaniya. In ƙarar kunne ta wuce kwana biyu ki ga likitan kunne, in kuma ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ranar za ki je, kada ki jira.